Kujerar Jirgin Sama: Ƙa'idojin Gyaranta da Bincikenta, da Dalilin Tsananta Su

Kujerar fasinja a jirgin sama na haya tana cikin kayan da doka ta ɗauka a matsayin kayan kare rai, a sahu ɗaya da taya da birki da ƙofar gaggawa. Saboda haka ba a ƙera ta, ba a ɗaura ta, ba a kwance ta, kuma ba a gyara ta sai bisa rubutacciyar hanya wadda kamfanin da ya ƙera ta ya tsara, hukumar kula da sufurin sama ta amince da ita. Wanda zai yi aikin sai ya zama mai horo, wanda zai sa hannu a kansa sai ya zama mai lasisi, kowane noti da aka sauya kuwa sai an san asalinsa. Wannan bayani ya tattaro yadda tsarin yake, da abin da ya haifar da shi, da waɗanda alhakinsa ya rataya a wuyansu a Nijeriya.

Abin da ya haɗa batun da mutanen Kano

Kano na cikin garuruwan farko da jirgin sama ya sauka a Nijeriya. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage 3 na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa na birnin. Daga nan filin jirgin Kano, wanda yau ake kira da sunan Malam Aminu Kano, ya zama mashigar 'yan kasuwa da alhazai. Kamfanoni irin su Kabo Air da Max Air da Azman Air duk sun kafu ne a kan fasinjojin wannan yanki.

Fasinjojin kuwa ba 'yan birni kaɗai ba ne. Daga Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga yake bin magudanu zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir, kowace shekara ana samun manoma da masu injin casa da dillalai waɗanda amfanin noman rani ya ba su halin biyan kuɗin aikin Hajji ko Umara. Da yawansu tsofaffi ne, wasu kuma hawansu na farko ke nan. Daga Kano zuwa Jidda ko Madina mutum zai yi awa 4 zuwa 5 a ɗaure a kan kujera guda, kuma ba shi da hanyar sanin ko an ɗaure ƙafafunta daidai. Amanar wannan tana hannun injiniyan da bai taɓa gani ba.

A harkar motocin haya an saba da ƙara kujera a bayan bas, ko a kai wadda ta karye wurin mai walda ya liƙe ta a ci gaba da lodi. Haka ma injin ban-ruwa a fadama: in wani ƙarfe ya tsage, makaniki ya samo mai kama da shi ya sa. Wannan dabara tana da amfaninta a ƙasa. A jirgin sama laifi ne da kan iya jawo wa injiniya ƙwace lasisi, ya jawo wa kamfani tara ko dakatarwa.

Yadda aka gina kujerar

Kujerun sashen gama-gari sukan zo a haɗe, biyu ko uku ko huɗu a kan firam guda. Firam ɗin yawanci na alminiyum ne mai ƙarfi da rashin nauyi, yana da bututu biyu a kwance waɗanda mazaunai suke kai, da ƙafafu da suke sauka zuwa daɓen jirgin. A daɓen akwai layukan ƙarfe da suka miƙe daga gaba zuwa baya, kamar ƙaramin layin dogo, masu ramuka a jere, tsakanin kowane rami da na kusa da shi inci 1. Ƙafafun kujera suna da ƙusoshi masu kai waɗanda ake zura su a ramin, a tura su gaba kaɗan su maƙale, sannan a saukar da wani makulli wanda yake hana kujerar zamewa gaba ko baya. Duk nauyin fasinjoji uku a lokacin haɗari a kan waɗannan 'yan ƙusoshi da makullai yake sauka.

Sauran sassan su ne majinginin baya da na'urar kwantar da shi, da majinginin hannu, da ƙaramin teburin cin abinci, da bel na ɗaure ƙugu da maɗaurinsa, da soso da rigarsa, da aljihun rigar ceto a ƙarƙashin mazauni, da sandar da take tare kayan da aka ajiye a ƙasa. A jirage da yawa akwai kuma allon kallo da wurin cajin waya da wayoyin lantarkinsu. Kujerun manyan baƙi masu kwanciya kamar gado suna da injinan lantarki a ciki. Daga cikin manyan kamfanonin da ke ƙera kujerun akwai Recaro na Jamus, da Safran na Faransa, da Collins Aerospace na Amurka, da Geven na Italiya.

Gwajin ƙarfi: daga 9g zuwa 16g

Harafin g yana nufin ƙarfin da ƙasa take jan kowane abu da shi. In mota ko jirgi ya tsaya farat ɗaya, jikin mutum yakan ci gaba da tafiya da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa. Tun daga shekarun 1950 ƙa'idar Amurka ita ce kujera ta iya jure jan gaba na 9g, kuma ana gwada ta ne a tsaye, a ja ta a hankali da na'ura. Binciken haɗurra ya nuna cewa mutane da yawa suna mutuwa ko suna karyewa a haɗurran da gangar jirgin ba ta ragargaje ba, domin kujeru sun tsinke daga daɓe sun tattaru a gaba da mutanen da ke kansu.

A 1988 hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, ta kafa sabuwar ƙa'ida mai lamba 25.562, wadda hukumomin Turai suka ɗauki irinta. A ƙarƙashinta ana ɗora kujerar a kan keken gwaji, a zaunar da mutum-mutumi mai nauyin kilo 77 cike da na'urorin awo, a harba keken da gudun kimanin kilomita 48 a awa, sannan a tsayar da shi cikin ƙiftawar ido har ƙarfin ya kai 16g. A wannan lokaci mutum mai kilo 77 yana jan bel ɗinsa da kujerarsa da ƙarfin da ya haura kilo 1,200. Kafin gwajin ana murɗa layukan daɓen da digiri 10 da gangan, domin a haɗari na gaske daɓe yakan lanƙwashe. Akwai gwaji na biyu na faɗowa ƙasa mai ƙarfin 14g, inda ake auna nauyin da ke sauka a kan ƙashin baya, wanda bai kamata ya wuce kimanin kilo 680 ba. Ana kuma auna bugun da kai yake yi a bayan kujerar gaba, da matsin da ke kan ƙashin cinya. Daga ranar 27 ga Oktoba 2009, duk sabon jirgin fasinja da aka ƙera domin kamfanonin Amurka tilas ne ya zo da kujeru masu wannan ƙarfi.

Daga nan ake gane dalilin hana gyaran son rai. An tsara ƙafafun kujerar ne su lanƙwashe ta wata fuska da aka lissafa, su shanye wani kaso na bugun ba tare da sun karye ba. An tsara bayan kujerar ya sassauto idan kan fasinjan baya ya buge shi. Zafin walda yana sauya ƙarfin alminiyum, ya mai da shi mai saurin tsagewa a gefen ɗinkin. Noti mai kama da na asali amma na wani irin ƙarfe zai iya katsewa a rabin nauyin da ake tsammani. Ko soson mazauni da aka sauya da wani mai laushi ko mai kauri yana canja nauyin da ke sauka a ƙashin baya. Shaidar gwajin ta kujerar da aka gwada ce da sassanta na asali, in an sauya sashe ɗaya ba bisa izini ba, shaidar ta faɗi.

Haɗarin jirgin British Midland a Kegworth ta Ingila, ranar 8 ga Janairu 1989, inda mutum 47 daga cikin 126 suka rasu, ya ƙara nuna cewa ƙarfin kujera yana tafiya ne tare da ƙarfin daɓen da take kai. A ranar 6 ga Yuli 2013 kuma, jirgin Asiana ƙirar Boeing 777 ya bugi katangar bakin teku a San Francisco ɗauke da mutum 307, mutum 3 suka rasu. Masu bincike sun gano cewa biyu daga cikin fasinjojin da jirgin ya watso waje ba su ɗaura bel ba.

Gwajin wuta

Soson kujera na roba ne, in ya kama wuta yana ci da sauri, yana fitar da hayaƙi mai guba. A ranar 2 ga Yuni 1983 wuta ta tashi a jirgin Air Canada, ya yi saukar gaggawa a Cincinnati ta Amurka, mutum 23 suka rasu kafin su iya fita. A 1984 FAA ta wajabta a lulluɓe soson kujeru da wani yadi mai tare wuta, ta ba kamfanoni wa'adi zuwa ƙarshen 1987. Kafin wa'adin ya cika, a ranar 22 ga Agusta 1985, jirgin British Airtours ya kama wuta a filin jirgin Manchester yana shirin tashi, mutum 55 suka rasu, akasarinsu saboda shaƙar hayaƙi.

A gwajin da ake yi yanzu, ana kunna wa soso da rigarsa wuta mai ƙarfi daga murhun mai na tsawon minti 2. Nauyin da zai ƙone bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba, tsawon ƙunar kuma kada ya wuce inci 17. Manufar ita ce a sama wa fasinjoji ƙarin daƙiƙu, domin ƙa'idar ƙera manyan jirage ta ce a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofin. A ranar 2 ga Janairu 2024 jirgin Japan Airlines ƙirar Airbus A350 ya ƙone ƙurmus a filin Haneda na Tokyo, amma duk mutum 379 da ke ciki sun fita da ransu.

Wannan ne ya sa ba a kai rigar kujerar jirgi wurin tela a kasuwa ya ɗinka sabuwa da yadin da ya samu. Ana gwada soso da yadin tare wuta da rigar waje a haɗe, kuma haɗin da aka gwada shi ne aka amince da shi. Ko wankin rigar yana da ƙa'ida, domin sabulu ko sinadarin da bai dace ba yana iya wanke maganin hana ƙonewa da ke jikin yadin. Yagewar da ta kai ga yadin tare wuta aibi ne da ake rubutawa a gyara, ko da fasinja ba zai lura da ita ba.

Kundayen da ake bi

Injiniya ba ya gyara da ka. Akwai kundin gyaran jirgi, wanda kamfanin da ya ƙera jirgin, kamar Boeing ko Airbus ko Embraer, yake fitarwa. Shi ne yake bayyana yadda ake kwance jerin kujeru daga daɓe da yadda ake mayar da shi, kuma a tsarin lambobin da masana'antar ta saba da shi, kujeru suna babi na 25. Akwai kundin gyaran kujerar kanta daga kamfanin da ya ƙera ta, mai bayyana yadda ake warware ta, da iyakar lalacewar da za a iya haƙura da ita, da ƙarfin da za a ɗaure kowane noti da shi. Akwai kundin sassa mai hotuna, inda kowane sashe yake da lambarsa. Akwai kuma taswirar zaman fasinjoji da aka amince da ita, wadda ta nuna ramin da kowace ƙafar kujera za ta shiga.

Bayan waɗannan, kamfanin ƙira yakan aiko da sanarwar gyara idan ya gano matsala, hukuma kuma takan fitar da umarnin dole mai wa'adi idan matsalar ta shafi rai. Wajibi ne kundin da ke hannun injiniya ya zama bugu na ƙarshe. In ya ci karo da lalacewar da kundin bai ambata ba, ba shi da ikon ƙirƙiro hanya. Zai tsaya ne a rubuta wa kamfanin ƙira ko wata cibiyar zane da hukuma ta amince da ita, a jira rubutacciyar amsa.

Taswirar zama tana da muhimmanci na musamman. Matsar da jeri guda da inci 2 yana canja tazarar kan fasinja da kujerar gabansa, yana iya matse hanyar ƙofar gaggawa, yana kuma iya raba fasinja da takunkumin iskar numfashi da ke saman kansa. Ƙara jeri yana taɓa daidaiton nauyin jirgi, da yawan takunkuman iska da rigunan ceto, da yawan ma'aikatan cikin jirgi da ake buƙata. Kowane irin jirgi yana da iyakar fasinjoji: Boeing 737-800, misali, ba ya wuce 189. Kamfanin da yake son sauya tsarin zama, ko da don lodin alhazai ne, sai ya sami amincewar hukuma tukuna.

Matakan bincike

Bincike mafi sauƙi shi ne na kullum. Ma'aikatan cikin jirgi suna duba bel da tebur da rigunan ceto, su rubuta duk aibin da suka gani a littafin rajistar cikin jirgi. Injiniyan da ke filin jirgi yana karanta littafin, ya gyara abin da zai gyaru, ya sa hannu.

Bayan 'yan ɗaruruwan awannin tashi ana yin bincike mai lakabin A, inda ake bin kujeru ɗaya bayan ɗaya. Bayan kimanin wata 18 zuwa 24 ana yin babban bincike mai lakabin C a rumfar gyara, inda sau da yawa ake fitar da kujerun domin a ga daɓen. Abubuwan da ake nema sun haɗa da tsagewa a ƙafafu da bututu, da tsatsa a layukan daɓe, musamman kusa da kicin da bayan gida inda ruwa da shayi da lemo suke zuba, da makullin da bai zauna a raminsa ba. A bel ana duba zarewar zare da yanka da ƙuna, da maɗaurin da ba ya kamawa sosai, da tambarin shaida da ya goge, domin bel ɗin da ba a iya karanta tambarinsa cire shi ake yi. Ana duba wayoyin lantarki ko sun goge a jikin ƙarfe. Ana gwada bayan kujera ko yana tsayawa a miƙe ya kulle. Idan jirgi ya yi sauka mai ƙarfi ko ya shiga mummunar gargadar iska, akwai binciken musamman da ake yi kafin ya sake tashi.

Ɗaure noti ana yin sa ne da sifana mai awo, wadda ita ma ake kai ta gwaji lokaci-lokaci, take da takardar shaida. In an ɗaure bai kai ba, kujera za ta yi rawa, rawar kuma tana cinye ƙarfe. In an ɗaure ya wuce, notin ya miƙe ya yi rauni. Bayan an mayar da jeri, injiniya yana tabbatar da ido da hannu cewa kowace ƙusa da kowane makulli sun shiga, ba ya wadatuwa da jijjiga kujerar kawai.

Kowane sashe da za a sa sai ya zo da takardar shaidar asali, kamar fom na 1 na hukumar Turai, EASA, ko fom mai lamba 8130-3 na FAA. Sashen da ba shi da takarda ana keɓe shi a ɗakin ajiya na daban, komai kyawunsa a ido. A ƙarshe injiniya mai lasisi yana sa hannu a takardar sakin jirgi zuwa aiki, yana rubuta abin da aka yi da shafin kundin da aka bi. Wannan sa hannu shaida ce a gaban doka.

In kujera ta lalace kuma babu kayan gyara

Doka ta san cewa ba kullum ake samun kayan gyara a kusa ba. Shi ya sa kowane kamfani yake da jerin mafi ƙarancin kayan da jirgi zai iya tashi da su, wanda ake kira MEL a taƙaice, kuma hukuma ce take amincewa da shi. A ƙarƙashinsa ana iya rufe kujerar da ta lalace, a manna mata sanarwar hana zama, muddin ba ta tare ƙofar gaggawa ba kuma ba ta hana wani fasinja fita zuwa hanyar tsakiya ba. In na'urar kwantar da baya ce ta lalace, ana iya kulle kujerar a miƙe a ci gaba da amfani da ita. Kowane jinkiri yana da wa'adi gwargwadon rukuninsa: kwana 3, ko 10, ko 120. Saboda haka fasinjan da ya ga kujera a rufe alhali jirgi ya cika, abin da ya gani alama ce ta bin ƙa'ida, domin kamfanin ya haƙura da kuɗin tikiti guda ke nan.

Misalan abin da saɓa ƙa'ida ya jawo

A watan Fabrairu 2010 gwamnatin Japan ta bayyana cewa kamfanin Koito Industries ya daɗe yana ƙirƙirar sakamakon gwajin ƙarfi da na wuta, yana kuma sauya zanen kujeru ba tare da izini ba. Lamarin ya shafi kujeru kimanin 150,000 a jirage kimanin 1,000 na kamfanoni 32. A 2011 FAA da EASA suka fitar da umarnin dole na a sake gwada kujerun, a cire waɗanda suka gaza cikin wa'adin da aka tsara. An jinkirta miƙa sababbin jirage, kamfanoni suka yi asara mai yawa.

A ƙarshen Satumba da farkon Oktoba 2012, jerin kujeru sun kwance a cikin wasu jiragen American Airlines ƙirar Boeing 757 suna sama, har ɗaya ya karkata ya sauka a New York. Ba wanda ya ji rauni. An yi ta kwance kujerun ne ana mayarwa a lokacin sauya tsarin zama. Kamfanin ya janye jirage 48 domin bincike. Da farko ya ɗora laifin a kan maƙalin da ba a ɗaura daidai ba, daga baya ya ƙara da cewa dattin lemo da kofi da ya taru yana hana makullan zama a raminsu.

Darasi mafi ɗaci ga mutanen Arewa bai shafi kujera kai tsaye ba, amma tushensa ɗaya ne. A ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi hayarsa domin jigilar alhazan Nijeriya da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska. Masu gyara sun sani, amma gudun jinkirta tashi ya sa aka sallami jirgin a haka, bincike kuma ya gano an sauya alƙaluman da ke takardar gyara. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutarsu. Jirgin ya faɗi yana ƙoƙarin komawa, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

A 1993 wani jami'in hukumar sufuri ta Kanada, Gordon Dupont, ya tsara jerin abubuwa 12 da suka fi jefa masu gyaran jirage cikin kuskure, kuma har yau ana koyar da su. Daga ciki akwai matsin lokaci, da gajiya, da ƙarancin kayan aiki, da katse mutum yana tsakiyar aiki, da sakankancewa, da rashin ƙarfin halin cewa a'a, da al'adar wurin aiki da ta saɓa wa kundi. Aikin kujeru yana cikin waɗanda suka fi fuskantar wannan, domin abu ɗaya ake maimaitawa sau ɗaruruwa, sau da yawa da dare, jirgi kuma yana jiran lodin asuba.

Waɗanda alhakin yake kansu a Nijeriya

Tushen dokokin shi ne yarjejeniyar Chicago ta 7 ga Disamba 1944, wadda ta haifar da hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO. Nijeriya ta shiga a 1960. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, an kafa ta da doka a 1999, ta fara aiki a farkon 2000, yanzu kuma tana aiki a ƙarƙashin dokar sufurin sama ta 2022. A cikin ƙa'idojinta, sashe na 2 ya shafi lasisin ma'aikata, na 5 ya shafi lafiyar jirgi, na 6 ya shafi cibiyoyin gyara da aka amince da su, na 9 kuma ya shafi takardar izinin kamfanonin jirage. Ita ce take ba jirgi takardar shaidar lafiya, take aika sufetoci su duba jirage a filin sauka ba tare da sanarwa ba, take kuma da ikon hana jirgi tashi.

Alhaki na farko yana kan kamfanin da yake tafiyar da jirgin, ko da wani ya ba kwangilar gyaran. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da injiniyoyin gyara. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ita ce mai bin diddigi bayan haɗari. A lokacin aikin Hajji, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, tana zaɓar kamfanonin jigila, amma duba lafiyar jiragen aikin hukumomin sufurin sama na Nijeriya da Saudiyya ne.

Babban ƙalubale shi ne kuɗi. Da dala ake sayen kusan duk kayan gyara, kuma shekaru da dama kamfanonin Nijeriya suna kai jiragensu ƙasashen waje domin babban bincike, ko da yake kamfanin Aero Contractors ya kammala binciken C na farko a kan Boeing 737 a Legas a 2018. Faɗuwar darajar naira da jinkirin isowar kaya su ne yanayin da ya fi sa mutum ya yi sha'awar gajeriyar hanya, kuma a irin wannan yanayi ne sa ido ya fi zama dole.

Abin da ya rage ga fasinja

Fasinja shi ne wanda ya fi kowa daɗewa a kan kujerar, don haka yakan riga injiniya jin matsala. In kujera tana motsi daga daɓe, ko bayanta ba ya tsayawa a miƙe, ko bel ba ya kamawa ko ya zare, ko tebur ba ya kullewa, a faɗa wa ma'aikatan jirgi kafin a tashi, domin su rubuta a littafin rajista su sauya masa wuri. Kunya ko gudun jinkirta mutane ba dalili ba ne na yin shiru, kuma ya kamata masu rakiyar tsofaffi su duba musu. In ba a saurare shi ba, NCAA tana da sashen kare haƙƙin fasinjoji mai jami'ai a manyan filayen jirage.

In waya ta faɗa cikin ƙarafan kujera, kada a motsa kujerar, a kira ma'aikaci, domin batirin waya in an matse shi yana iya kamawa da wuta. Miƙar da bayan kujera da rufe tebur a lokacin tashi da sauka suna da dalili: a wannan yanayi aka gwada kujerar, kuma shi ne yake buɗe wa na baya hanyar fita. Bel kuma a ɗaure shi a kan ƙugu, ƙasa da ciki, a bar shi a ɗaure muddin ana zaune. A ranar 21 ga Mayu 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya shiga gargadar iska ba zato, mutum guda ya rasu, da dama suka ji munanan raunuka bayan sun bugi rufin jirgin. Duk gwajin da aka yi wa kujera, da duk sa hannun da injiniyoyi suka yi a kanta, an yi su ne bisa sharaɗin cewa mai zama a kai ya ɗaura bel ɗinsa.